Yadda aka kankare min ƙari a mafitsara a Yamai

Ni mutumin Tawa ne, shekaruna sun ɗan haura hamsin, sana'ata saye da sayar da albasa, kuma abin da ya kai ni gadon asibiti a Yamai jini ne da nake gani cikin fitsari. Ba zafi ko kaɗan, ba zazzaɓi, ka tsuguna kawai ka ga ja, gobe ka ga ya washe tas, sai a ɗan kwana biyu ya sake dawowa. Mu da muka tashi kusa da ruwa ai jini a fitsari ba baƙonmu ba ne, muna yara a ƙauyenmu wajen Konni kusan duk yaron da ke wanka cikin kanal ɗin noman rani yana da tsargiya, har manya na cewa alamar balaga ce, yaro ya zama namiji kenan. To da na yi maganar a kasuwa kowa tsargiya ya ce, a likitar unguwa ma maganin tsargiya aka fara ba ni, furazikantel, daga baya aka bi da maganin ƙwayoyin cuta, jinin ya ɗauke ya dawo, ya ɗauke ya dawo. Ranar da gudaji suka fara fita, baƙaƙe, har fitsarin ya tsaya sai na yi nishi kafin ya wuce, ɗan yayata da ke aikin infirmiye ya ce Kawu wannan ya wuce tsargiya, gobe da sahe ekografi za mu yi.

Ekografin mafitsara sai da cikakkiyar mafitsara ake yin sa, ka sha ruwa sosai ka riƙe fitsari har ka matsu sannan a shafa maka wani abu mai sanyi a mara a ɗora na'urar. Mai hoton bai daɗe ba ya tsaya wuri guda yana ta aunawa, ya juyo da allon wajen ɗan yayata suna magana da Faransanci, ni dai na ji kalmar santimita. Wani tsiro ne manne da bangon mafitsara ta gefen hagu, bai kai santimita 3 ba. Suka ce a tahi Yamai wajen lokotoron mafitsara, irolog.

Wanda ya san hanyar ya san ta, daga Tawa ka sauko Tsarnawa ka hau babbar hanya, Konni, Dogon Dutsi, Doso, sannan Yamai, wajen kilomita 550, a cikin kar, wato babbar motar fasinja, kuma mutumin da fitsari ke matsa ma kullum wannan tahiya azaba ce, kana jin kunyar tsayar da direba, kana tsoron shan ruwa alhali ruwan kake buƙata. Gidan ƙanena na sauka, shi ne ya zama ƙafata da bakina a duk wannan lamari don yana jin Zabarmanci da Faransanci, kuma wallahi duk wanda zai zo daga nesa ya nemi irin wannan mutum tun kafin ya taso, takardu da layi da farmasi ba aikin marar lahiya ba ne shi kaɗai.

Lokotoron ya duba takardun ya yi min tambayoyi biyu da har yanzu nake tunawa, kana shan taba? ka yi tsargiya kana yaro? Duka biyu na ce e. Taba na koye ta a Abijan lokacin da muka tahi bida muna samari kamar sauran ƴan Adar, kuma ban bar ta ba. Ya yi min bayani da Hausarsa mai kyau, ya ce Alhaji dattin hayaƙin taba jini ke kwashe shi, ƙoda ta tace shi ta zuba cikin fitsari, fitsarin kuma ya zauna cikin mafitsara awa da awa yana taɓa bangonta, shi ya sa kusan rabin masu kansar ta mafitsara a duniya taba ce sanadi, kuma maza sun fi mata kamuwa nesa ba kusa ba. Ita kuma tsargiya ƙwayayen tsutsar ne ke maƙalewa cikin bangon mafitsara, su yi ta cin wurin shekara da shekaru, irin kansar da ke biyo bayanta ta fi shiga cikin nama kuma yawanci a makare ake gano ta. Ya ce ba zai iya sanin wacce ce tawa ba sai ya gani da ido, kuma ko ya gani sai an yanko an kai awo.

Gani da ido shi ne sistoskopi, kuma shi ne abin da maza ke gudu, ni ma da aka faɗa min ta inda za a bi sai da jikina ya yi sanyi. Wani siririn bututu ne mai kamara a kai, ta hanyar fitsari ake zura shi har cikin mafitsara, ana fara matsa wani magani mai kauri da ke kashe zafin wurin. Akwai wani wuri da zai wuce wajen furostat, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da za ka ji shi sosai, lokotoro ya ce ja numfashi ka saki jiki kamar za ka yi fitsari, daƙiƙa kaɗan ne ya wuce, duka abin bai wuce ƴan mintoci ba. Ya juyo min da allo na gani da idona, wani abu ne mai yatsu yatsu yana lilo cikin ruwa, sauran bangon kuma sumul. Kunyar ta fi zafin yawa, gaskiya kenan, amma su ma'aikatan ko a jikinsu, suna rufe ka da zane wurin aikin kawai suke buɗewa.

Daga nan sai analis, awon jini, rukunin jini, awon ƙoda da suke kira kiriyatinin, awon zuciya, da awon fitsari ECBU, shi wanga ya nuna akwai ƙwayoyin cuta don haka aka ɗaga ranar aiki sai na gama shan magani, ba su yin aikin ga cikin fitsari mai cuta don tana iya shiga jini. Na ga lokotoron barci shi ma, ya tambaye ni ko ina shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, duk mai sha dole ya faɗa don a tsara masa yadda zai dakata kafin aiki. Aka ce a kawo wanda zai ba da jini a ajiye ko da za a buƙata, ƙanena da ɗansa suka je suka bayar. Ordonansin kayan aiki kuwa doguwa ce, sondi mai baki uku wato robar fitsari da ake zurawa cikin mafitsara, jakar fitsari, safar hannu, allurai, da manyan ledojin sarom masu yawa, irin ruwan da ake ƙara ma marar lahiya, da na kasa gane amfaninsu sai daga baya. Kuɗi sun tahi, na sayar da raguna da wani kaso na albasar da na ajiye ina jiran ta yi tsada, ƴan uwa na Abijan ma sun turo, Allah ya saka musu da alheri. Yamai akwai wuraren da ake wannan aiki, asibitocin gwamnati da kilinik masu zaman kansu, farashi ya bambanta sosai, mutum ya tambaya a rubuta masa kuɗin komai da komai kafin ya kwanta.

Daga tsakar dare ba ci ba sha. Da sahe aka tura ni blok, wato ɗakin da ake yin aikin, sanyin ɗakin ne ya fara tarbata. Ba a sa ni barci ba, rashi aka yi min, wato allurar ƙashin baya, ka zauna ka duƙa ka rungume gwiwa, ka ji ɗan tsini, sai ɗumi ya gangara ƙafafu, kafin ka ankara ka ce ƙafa ta motsa ta ƙi. Suka ɗaga ƙafafuna suka ɗora bisa wasu ƙarafa, suka sa labule a ƙirjina. Ni duk tunanina a da yanka ciki za a yi, uwargida ma ta kwana tana kuka a kan haka, ashe ko ƙwarzane ba za a yi min a fata ba. Ta hanyar fitsarin dai ake shiga da wani bututun da ya fi na farko kauri, a bakinsa akwai ɗan zoben waya mai wutar lantarki, shi ke kankare ƙarin yanki yanki har ƙasa har a taɓo naman bangon, kuma shi ke ƙona jijiyoyin da ke zubar da jini. Ina jin ƙarar na'urar, ina jin suna magana, ina ta salati a zuciyata, ban ji zafi ba ko ɗaya sai rawar sanyi da ta kama ni haƙora na haɗuwa, wata ma'aikaciya ta ƙara min bargo ta ce Baba saura kaɗan. Bai kai awa ɗaya ba aka gama. Lokotoro ya leƙo ta bayan labule ya ce ya cire duk abin da ido ke gani.

Wahalar ba a blok take ba, a ɗaki take. Na fito da sondi a jiki, baki ɗaya an hura ɗan balo da ke riƙe ta ciki, baki ɗaya sarom ke shiga, ɗayan kuma yana fitarwa zuwa jaka, dare da rana ana wanke mafitsara don kada jini ya daskare, nan na gane amfanin ledojin nan. Aikin ƙanena shi ne ya sa ido kada leda ta ƙare ba a canza ba kuma ya zubar da jaka in ta cika. Da farko ruwan ja ne wur, majar, wato shugaban infirmiyoyin sashen, ya ce kada mu tsorata, abin da ake so shi ne ya koma kamar ruwan wankin nama sannan ya yi fari. Da allurar baya ta sake ni sai na fara jin fitsari ya matse ni matuƙa alhali sondi na ciki, mafitsara ce ke murɗawa tana son ture balon, ya zo ya ɗauke ya zo ya ɗauke, wani lokaci har ɗan fitsari ya ɓullo ta gefen sondin, suka ba ni maganin da ke rage murɗawar.

Daren farko wajen ƙarfe biyu ruwan ya daina sauka cikin jaka amma na sama yana ta shiga. Marata ta kumbura ta yi tauri, zufa ta karyo min, irin wannan ciwo ban taɓa ji ba, na ce ma ƙanena tashi ka kira su mutuwa zan yi. Infirmiyen dare ya zo da gudu ya rufe sarom, ya ɗauko wata babbar sirinji ya tura ruwa ya ja, ya tura ya ja, sai ga gudan jini ya fito, ruwa ya biyo, wallahi cikin minti ɗaya na dawo mutum. Wannan abin nake so duk mai jinya ya sani, in jaka ta daina cika kuma mara na kumbura kada a jira gari ya waye, kada a ce ana jin nauyin tada ma'aikaci, a rufe ruwan sama a kira su take.

Abin da ya dame ni bayan ciwo shi ne salla. Mutum da jakar fitsari rataye a gefen gado, ga najasa a tufa, ta yaya zai fuskanci alƙibla? Na kasa natsuwa sai da na sa aka kira min malaminmu na Tawa a waya, ya ce Alhaji hukuncinka na mai salisul bauli ne, fitsarin da ba ka da iko da shi ba ya hana ka salla, in za ka iya alwala ka yi, in ba za ka iya ba ka yi taimama, ka yi sallarka a zaune ko a kwance da ishara, kada ka bari lokaci ya wuce. Ƙanena ya samo min ɗan dutse ya ajiye kusa da matashi. Na ga dattawa a ɗakin nan da suka bar salla kwana da kwanaki suna kuka don sun ɗauka ba ta halatta gare su, ba wanda ya gaya musu, na gaya ma waɗanda na iya.

Gadon da ke kusa da nawa wani bawan Allah ne masunci daga wajen Tilaberi, bai kai ni shekaru ba, shi ma da jinin fitsari ya fara kuma ya daɗe da shi ƙwarai don duk garinsu haka suke gani. Nasa ya riga ya ci cikin naman bango, kankara ba za ta wadatar ba, maganar da ake yi ita ce cire mafitsarar gaba ɗaya a fitar masa da hanya ta ciki ya riƙa ɗaura jaka har ƙarshen rayuwa, ana kuma maganar tura shi cibiyar yaƙi da kansar ta ƙasa da ke nan Yamai inda aka fara gasa ciwon kansar da na'ura a 2021. Hausarsa kaɗan ce Zabarmancina kaɗan ne amma mun yi hira sosai, matarsa na zuba min kunu in nawa bai iso ba. Har na bar ɗakin bai yanke shawara ba, kuma kullum yana cikin addu'ata.

Da ruwan ya yi fari aka tsayar da wankin, aka ga bai sake ja ba, sai aka sace balon aka zare sondin, zarewar ba ta kai yadda nake tsoro ba. Fitsarin farko kam akwai raɗaɗi, sai da na dafa bango, kuma ba sa sallamarka sai sun tabbata kana yi da kanka. Kwanakin farko kusan kowane rabin awa ina bayi, kaɗan kaɗan, wani lokaci ba na kai wa. Aka ce in sha ruwa lita 2 zuwa sama kullum, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba hawan moto ko kabu-kabu, ba kusantar iyali, kada in bari ciki ya bushe har in yi yunƙuri, duka na tsawon ƴan makonni. Lokotoro ya hana ni hawa kar zuwa Tawa nan take, kuma ya yi gaskiya, don wajen kwana 10 zuwa 14 ɓawon da ke kan gyambon ciki yana faɗuwa, nawa ma haka ya yi, wata safiya na ga ja da ƴan baƙaƙen ɓarɓashi, da ba a gaya min tun farko ba da na ce ciwon ne ya dawo. Na ƙara ruwa na kwanta, kafin dare ya washe. Sun ce in jinin ya yi kauri da gudaji, ko fitsari ya tsaya, ko zazzaɓi ya zo, wannan kam a koma asibiti ko tsakar dare ne.

Naman da aka kankaro a cikin ƴar kwalba da magani aka ba ƙanena ya kai ɗakin awo, anapat suke ce masa, kuma sakamakon makonni yake ɗauka. Jiran nan ya fi min sondi wuya. Jiki na samun sauƙi amma barci ya ƙi, uwargida ta kira daga Tawa ta ce Malam mi suka ce, in ce ba su ce komai ba tukuna, yara su karɓi waya su yi shiru. Mutane na zuwa dubiya kowa da maganinsa, wannan sassaƙe wannan rubutu, na karɓi addu'a da hannu biyu amma jiƙe-jiƙen da ban san abin da ke ciki ba na ƙi sha, ƙodata nake ji.

Ranar randebu lokotoro ya karanta takardar ya ce kansar ce, bai ɓoye min ba kuma na gode masa da bai ɓoye ba, amma irin ta saman bango ce, ba ta taɓa naman ciki ba, kuma mai sanyin girma ce, irin da aka fi dangantawa da taba. A takardar an rubuta pTa. Ya zana min bangon mafitsara a bayan ordonansi ya nuna min Ta, ya nuna T1 da ta ɗan nutsa, ya nuna T2 da ta shiga nama wadda ita ce ta maƙwabcina. Ya ce masu T1 ko mai zafin girma sau da yawa ana sake shiga a ƙara kankara cikin mako 2 zuwa 6, wasu kuma a riƙa zuba musu magani cikin mafitsara ta sondi mako mako, irin BCG ɗin nan da ake yi ma jarirai rigakafi, ni ba a rubuta min ba. Sannan ya dube ni ya ce Alhaji kada ka ce ka warke ka ɓace, wannan ciwo ya iya dawowa, kuma in ya dawo ba lallai ka ga jini ba, sistoskopi bayan wata 3, daga nan a riƙa tazara har shekara 5 aƙalla.

Taba na bar ta tun daren da aka kwantar da ni, ba sauƙi, bayan cin abinci har yanzu hannuna na neman aljihu, goro nake ɗan taunawa. Na koma kasuwa sannu sannu, buhun albasa kam yara ke ɗauka. Azumi ya same ni ban daɗe da aiki ba ga zafin Tawa, lokotoro ya ce ruwa ne maganina yanzu, malam ya ce marar lahiya Allah ya yi masa rangwame, na sha na rama da sanyi ya shigo. Kontorol na wata 3 na koma Yamai, tsoron bai kai na farko ba amma yana nan, aka shiga aka duba aka ga tabo fari kawai, Alhamdulillahi. Yanzu duk cinikin da na yi ina ware wani abu gefe na kuɗin kar da na sistoskopi, takarduna duka cikin jaka guda suke, ekografi da anapat da komai, don kowane zuwa sai an tambaye su.

Yarana da jikoki duk lokacin da aka zo raba maganin tsargiya a lakwal, wanda ake yi a ƙasar ga tun 2004 ana auna tsayin yaro da sanda a ba shi ƙwayoyi daidai tsayinsa, ni da kaina nake tabbatar sun ci abinci sun sha, wasu iyaye na hanawa wai yana sa jiri, jirin yini guda ne. Wanda ya rage min shi ne wana da ke ƙauye, tare muka yi wankan kanal, ya fi ni shan taba, kuma matarsa ta gaya ma uwargida cewa shi ma yana ganin ja tun bara. Na same shi na ce Yaya ekografi ne kawai, a nan Tawa ma ana yi, ba allura ba yanka, ya ce sai ya kwashe albasa. Na ce to na ji, ranar da aka kwashe buhu na ƙarshe ni zan zo da mota in ɗauke shi, kuɗin hoton ma na riga na ba ɗan yayata ya riƙe.